Saitin kafireto da rigimar cire cok: abin da nake gaya ma 'yan kabu-kabu duk hunturu

Duk shekara idan hunturu ya kankama, wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, magana ɗaya ce ke dawowa a bakin garejinmu nan Birnin Kebbi. Mutum zai turo mashin tun daga Badariya yana haki, gumi na tsatstsafo mai duk da sanyin nan, ya jingine shi ya ce Oga wanga mashin tun asuba nake fama da shi, na buga kik har ƙafata ta yi tsami. In duƙa in leƙa gefen kafireto sai in tarar inda hannun cok yake ba komai sai huji, ko kuma an ɗaure shi tamau da waya. In ce malam ina cok ɗinka? Sai ya ce ai ce mani anka yi shi ke shan mai, shi ne na sa anka cire.

Na gaji da maimaita bayani ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya wanda ya karanta ya gaya ma na kusa da shi. Ni dai bakanike ne, hannuna ya fi bakina iya bayani, to a yi haƙuri da yadda zancen zai zo.

Aikin kafireto ɗaya ne tak, ya gauraya iska da fetur daidai yadda inji ke so. Fetur na ƙonewa tas ne idan an samu kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi fa, masu littafi suna cewa 14.7. Duk wani saiti da za ka ji ana yi bai wuce ɗayan biyu ba, ko dai mai ya yi yawa ana son rage shi, ko iska ta yi yawa ana son ƙara mai. To matsalar safiya ita ce fetur ba ya kama wuta yana ruwa, sai ya zama tururi tukuna, kuma idan inji ya kwana cikin sanyi ƙarfen nan ya yi ƙarara, man da ya fito daga kafireto rabi duk sai ya kwanta a jikin manifol, wato bututun da ke kai shi inji, da bangon silinda kamar yadda raɓa ke kwanciya a kan sit da asuba, abin da ke isa wurin fulogi kaɗan ne, bai isa ya kama ba. Cok shi ke ƙara mai na ɗan lokaci don ko rabi ya kwanta sauran ya isa. Inji na ɗumama aikinsa ya ƙare, ka mayar da shi, daga nan ko ɗigo ɗaya ba ya ƙara sha maka.

Abin da ke ba ni mamaki, mu nan Kebbi kusan kowa ya san injin ban ruwa. Duk mai noman rani a fadama ya san da safe sai ya rufe cok ya ja igiya, inji ya tashi ya buɗe. Ban taɓa ganin wanda ya cire cok ɗin injin ban ruwa ko na janareto wai don yana shan mai ba, amma da an zo kan mashin sai hankali ya juya.

Ga inda asarar take. Wanda ya cire cok, gobe da safe mashin ya ƙi tashi, sai ya dawo wurin bakanike ya ce a ƙara mai mai a ƙasa, wato a silo, lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba. Yaro ya kama sukurun gauraya iska da mai ya buɗe, mashin ya koma tashi bugu ɗaya ko da asuba, mai mashin ya tafi yana murna yana cewa wanga yaro ya iya aiki. Alhali abin da anka yi shi ne an mayar da mashin ɗin kamar mai tafiya da rabin cok tun safe har dare. Don gudun minti biyu na safiya ya sayi shan mai na awa goma sha biyu. Ni a wurina mashin ɗin da ke tashi bugu ɗaya a tsakiyar hunturu, da asuba, ba cok ba komai, ba abin alfahari ba ne, alama ce silonsa mai ya yi yawa.

Cok iri biyu ne a mashinan da ke hannunmu, kuma yadda ake tayar da su ya bambanta. Akwai mai faifai, wato wani ɗan ƙarfe zagayayye a bakin kafireto ta wajen iya kilina, wato matatar iska, ka ja hannu ya rufe hanyar iska, inji ya zuƙi mai da yawa. Shi ne a yawancin kafireton da ake rubuta ma PZ, irin su PZ19 na ƙananan mashina 110, PZ26 da PZ27 na masu injin CG 125 da 150. Lambar nan kusan faɗin maƙogwaron kafireton ce a milimita, kuma asalin zanen na kamfanin Keihin ne na Japan, kamar yadda shi kansa injin CG ɗin Honda ce ta fito da shi a 1975 kowa ya kwaikwaya. Sai na biyu mai fulanja, shi ba ya rufe iska, wata 'yar hanya yake buɗewa ta daban mai ya bi ya shiga, irinsa za ka fi gani a kafireton Mikuni da tsofaffin tu-sitirok. Mai fulanja idan ka ja shi kada ka taɓa totur ko kaɗan, kana murɗa totur ka ɓata zuƙar da yake dogara da ita, za ka yi ta bugu a banza. Mai faifai shi yana yarda da ɗan totur kaɗan. Kuma kar ka yarda da jita-jitar sama ne a kunne ko ƙasa ne a kunne, cire robar iya kilina sau ɗaya ka leƙa da idonka, ka motsa hannun ka ga lokacin da faifan ke rufewa, nan ne cok ke aiki. Na sha ganin wanda ya yi wata guda yana yawo da cok a rufe yana zaton a buɗe yake, irinsu ne ke yaɗa cewa cok na shan mai.

To yanzu saitin kansa. Amma kafin ka ɗauki sukundireba ka sani kafireto shi ne bora a gidan mashin, kowa ya yi laifi shi ake duka. Sau da yawa lafiyarsa lau.

Fara da iya kilina, musamman lokacin ƙurar nan da ko haƙoranka kana jin ta. Iya kilina da ya toshe daidai yake da cok a rufe. In na soso ne wanke shi da kananzir, ka matse a tafin hannu kar ka murɗa shi kamar wanki zai yage, ya bushe, ka ɗiga mai baƙin mai kaɗan ka sake matsewa har ya zama danshi kawai. In na takarda ne ba ruwansa da wanki ko mai, kakkaɓe shi, in ya gaji ka sayi sabo. Mai bin hanyar ƙauye a hunturu duk sati ya kamata ya duba. Sannan fulogi, ka ga wutarsa shuɗiya ce mai ƙarfi, tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7 a irin su C7HSA da D8EA da munka fi amfani da su. Sannan tafet, wato tazarar bawul, kuma wannan da inji a sanyaye ake yin sa, yawancin ƙananan injinan nan tsakanin milimita 0.05 ne da 0.08, duba na naka. Bawul da ya matse shi ne babban mai hana mashin tashi da safe, kuma ba saitin kafireton da zai gyara shi. Na ƙarshe manifol, robar nan ko ƙarfen da ke tsakanin kafireto da inji. Zafin bazara na busar da ita ta tsage, iska ta riƙa satar hanya. Tayar da mashin ya tsaya a silo ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a wurin haɗin, kaɗan fa kuma nesa da salansa da wayar fulogi, in ka ji muryar inji ta canza to akwai ɓaraka, gyara ta tukuna.

In duk waɗannan lafiya, sai a sauke kafireto. Rufe mai daga tanki, kwance sukurun da ke gindin kofin ƙasa man ciki ya zube a wani murfi mai tsabta, ka duba shi da kyau kafin ka zubar. In ka ga wani ɗan ƙwallo yana yawo a ƙasan man kamar idon kifi, ruwa ne. In ka ga jan gari, tankinka ya fara tsatsa. In yashi ne to ka tuna wurin wane ɗan bumburutu ka sha mai a kwalba. Ba zagin sana'ar kowa nake ba, wani ƙauyen ba gidan mai ko ɗaya dole ka saya, amma sa 'yar filta a tiyo tsakanin tanki da kafireto, kuɗinta bai kai na wanki ɗaya ba.

Shimfiɗa tsumma mai tsabta ko faranti, kar ka kwance kafireto a kan ƙasa, akwai sifirin da washa da 'yar roba a bayan sukurun iska waɗanda in sunka faɗi cikin rairayi sai dai haƙuri. Cikin kofin za ka ga jet biyu na tagulla, wato ƙananan sukurori masu huji da mai ke bi. Babban da ke tsakiya shi ne men jet, siririn dogon da ke gefensa shi ne silo jet. Ɗaga silo jet ka kalli rana ta cikinsa, ya kamata ka ga haske zagayayye. Hujinsa bai kai rabin milimita ba, lambobin da ke jikinsa irin su 35 ko 38 kusan faɗin hujin kenan, wato 0.35, shi kuma men jet mai lamba 100 kusan milimita ɗaya cif. To ka ga abin da ƙwayar yashi ɗaya za ta iya yi. Kar ka zura mai allurar ɗinki ko wayar kuloci, ƙarfe ya fi tagulla tauri, zura ɗaya ka buɗa hujin ka ɓata shi har abada. Iska ce maganinsa, ta famfon faci ma ta isa, in ya ƙi sai silin wayar wuta guda ɗaya mai laushi. Ka hura duk hanyoyin da ke jikin kafireton su ma, ba jet kaɗai ba.

Fulot kuma, wato abin nan da ke iyo a kan man cikin kofi, ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje, canza. 'Yar allurar da yake turawa ta rufe mai, duba bakinta, in ta yi zobe ta cinye, ita ce ke sa obafulo ka tashi da safe ka ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin mashin. Tsayin man da ke cikin kofi shi ne tushen duk sauran saiti, in ya yi sama komai zai yi mai da yawa, in ya yi ƙasa komai zai yi ƙishirwa. Hanya mai sauƙi, bayan ka mayar, sa farin tiyo a bakin magudanar ƙasa ka lanƙwasa shi sama a jikin kafireto, mashin a tsaye sak, buɗe sukurun, man zai hau cikin tiyon ya tsaya. Ya kamata ya tsaya ɗan ƙasa kaɗan da inda kofi ya haɗu da jiki. In ya wuce sama sosai ko ya yi ƙasa sosai, ɗan harshen ƙarfen da ke jikin fulot ake lanƙwasawa, kaɗan-kaɗan.

Abin da ya kamata kowa ya haddace, kafireto hawa uku ne kuma hannunka a totur ke nuna wanda ke aiki, ba gudun mashin ba. Daga silo zuwa kwatan totur silo jet ne da sukurun iska. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu doguwar allurar nan ce da ke jikin ɗan fistin da wayar totur ke ja. Daga nan zuwa ƙarshe men jet. In mutum ya ce mani mashin na shaƙewa, tambayata ta farko a wane totur? Wanda ke mutuwa a jankshan ba ruwan men jet da shi, amma za ka ga yaro ya fara da cire men jet don shi ne babba mai sauƙin kamawa.

Saitin silo ba a yin sa da inji mai sanyi, wannan kuskuren ya fi kowanne yawa. Hau ka zaga minti goma, ka dawo, ka tabbata cok a kashe yake gaba ɗaya. Sukuru biyu ne. Mai babban kai da sifirin a waje, wanda ke saitin tsakiyar kafireto, shi ne na silo, ɗaga fistin kawai yake. Ƙaramin shi ne na gauraya, mu dai duk sukurun iska muke ce masa amma iri biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. In yana ɓangaren iya kilina to iska yake saki, ka kwance iska ta ƙaru, ka ɗaure mai ya ƙaru. In yana ɓangaren inji, sau da yawa ta ƙasa yana kallon ƙasa inda sai ka ƙona yatsa kafin ka kai gare shi, to mai yake saki, ka kwance mai ya ƙaru. Akasin juna kenan.

Ɗaure ƙaramin sukurun a hankali har ka ji ya taɓa, kana ƙirga zagaye nawa ya yi don ka san inda ka same shi. Ya taɓa kawai na ce, bakinsa tsini ne siriri, ka matsa da ƙarfi ya karye a ciki kafireto ya tashi aiki. Sai ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Tayar, ɗaga silo ya ɗan fi na kullum. Yanzu juya ƙaramin kwata, ka cire hannu ka saurara kamar daƙiƙa goma, inji ba ya amsawa nan take. Muryar ta ƙaru? Ƙara kwata ta wannan wajen. Haka za ka yi ta yi har ka ji ta fara sauka, ka koma baya har ta sake sauka ta ɗaya wajen, tsakiyar nan inda ta fi ƙarfi ta fi daidaituwa nan ne wurin. Ni nakan bar shi ya ɗan karkata wajen mai da kamar rabin kwata, saboda injinan nan iska ce ke sanyaya su kuma zafin garin nan ba wasa ba. Daga nan ka sauke silo da babban sukurun ya koma daidai, wajen juyi 1,400 a minti in akwai agogo, in babu dai yadda zai tsaya da kansa ba rawar jiki ba kuma ihu. Masu son silon nan na tak... tak... tak kamar zai mutu don a ji daɗin sauti, ku sani famfon baƙin mai da gudun inji yake aiki, a irin wanga silo kan inji ba ya samun mai yadda ya kamata.

In ka ga sai da ka kwance ya wuce zagaye uku kafin ya yi daɗi, ko kuma ya fi daɗi a kusan rufe, ko ka juya ka juya inji bai ma san kana yi ba, to ba maganar sukuru ba ce, ko silo jet bai dace ba ko har yanzu akwai datti a hanyarsa.

Gwada da murɗa totur ka saki. In ƙarar ta maƙale a sama tana saukowa a hankali kamar mai jin nauyin sallama, iska ta yi yawa. In ta faɗo ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, mai ya yi yawa. In kana sauka gangara ka saki totur salansa na ta tas-tas, yawanci ƙarancin mai ne a silo, ko gasket ɗin bakin salansa na shan iska.

Allura kuma, in taka mai tsaga ce za ka ga yawanci tsaga biyar da ɗan kilif, daga kamfani galibi yana tsakiya. Ka sauke kilif ƙasa allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ka hau da kilif sama allura ta nutse, mai ya ragu. Tsaga ɗaya ake matsawa a gwada, ba biyu ba. Kuma wajen mayar da fistin ɗin ka lura da tsagar da ke gefensa ta hau kan ɗan haƙorin da ke ciki, in ka sa shi a juye mashin na tashi da ihu kamar an murɗe totur duka, na ga wanda ya shiga cikin teburin mai shayi ta haka.

Men jet ni shawarata in ba ka canza salansa ko ka cire akwatin iya kilina ba, bar wanda kamfani ya sa. In kana shakka fulogi zai gaya maka gaskiya. Nemi miƙaƙƙiyar hanya lokacin da ba motoci, ni nakan fita ta hanyar Argungu wajen Ambursa, ka ba shi wuta a giyar ƙarshe kamar minti ɗaya, sai ka kama kuloci ka kashe inji lokaci guda, ka gangara ka tsaya gefe, kar ka bari ya yi silo ko kaɗan. Ya ɗan huce ka cire fulogi ka kalli farin kaskon da ke tsakiya. Kalar shayi da madara, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana ƙyalli, wannan baƙin mai ne inji ke sha, maganar ringi ce ko robar bawul, bar kafireto ya huta. Fari fat kamar alli, tsaya nan, wannan shi ne mai kashe inji.

Kuma a kan farin nan zan daɗe, don tun da anka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya zo gareji maganarsa ɗaya, Oga a matse mani shi. Har wata dabara ta fito ta zura silin waya a cikin men jet a bar shi a ciki don hujin ya ragu. Ni ma na taɓa yi, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo mai ɗauko albasa daga Aliero ya matsa mani, na ce Baba mashin mai ɗaukar kaya ba a matse shi, ya ce kai dai yi abin da na sa ka ɗana, kuɗin mai ya fi ƙarfina. Na sauke mai allura tsaga biyu na sa ƙaramin jet. Sati bai cika ba ya kira ni daga hanyar Jega, da rana tsaka a watan Afrilu, buhu biyu a baya, inji ya kama. Da munka buɗe kan fistin ya yi fari ya fara narkewa kamar an ɗiga mai dalma, siket ɗinsa duk ya karce silinda. Abin da ya tara na mai a satin bai kai kuɗin gasket ba, balle fistin da ringi da boring. Rabin kuɗin aikin ni na ɗauka don na san hannuna ne. Man da ke shiga inji ba ƙonewa kaɗai yake ba, yana sanyaya kan fistin da bawul, ka hana shi zafi ya yi yawa. Mai son rage shan mai ya duba iskar taya, ya sa ma sarƙa mai, ya duba birki ba ya kamawa, ya wanke iya kilina, ya daina murɗe totur duka daga tsaye. Can ne man yake tafiya.

To a nan ne cok ke da wani amfani na biyu da masu cire shi ba su sani ba, shi ne abin gwajin da ba ka saya ba. Mashin ya yi zafi yana maka wani iskanci, yana jan numfashi in ka murɗa, ba ka san ko mai ne ya yi yawa ko kaɗan ba? Ja cok rabi. In ya warware ya yi daɗi, ƙishirwa yake ji, je ka nemi datti a jet ko tsaga a manifol. In ya ƙara shaƙewa ya yi baƙin hayaƙi ko ya mutu, to ba ƙarancin mai ke damunsa ba. Mashin da ba ya tsayuwa sai da cok ko da ya yi zafi, kusan kullum silo jet ne ya toshe. Cikin daƙiƙa biyar ka raba gardama. In naka hannun cok ɗin a jikin kafireto yake, a tsaye za ka yi gwajin, kar ka duƙa kana lalube kana kan gudu. Wanda ya cire nasa sai dai ya cire roba ya riƙa toshe bakin kafireto da tafin hannu, mai na wanke mai hannu ƙura na shiga.

Da safe kuwa abin ba wuya. Buɗe mai, ja cok duka, makulli a kashe ka taka kik sau biyu a hankali, kunna ka buga. Ya tashi, bayan 'yan daƙiƙu ka ji ya fara nauyi ka mayar rabi, rabin minti zuwa minti ɗaya ka kashe duka, ka tafi a hankali kilomitar farko. Kar ka tsaya kana ta zuga totur a ƙofar gida, baƙin mai bai gama zagayawa ba, ga maƙwabta. In ka manta cok a kunne kana yawo, nan ne gaskiyar masu zarginsa take, zai sha mai, ya baƙanta fulogi, fetur ya wanke maiƙon jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai. Amma laifin mantuwa ne. In kuma ka cika shi da mai ya ƙi tashi kana jin warin fetur, kashe cok, murɗe totur duka ka riƙe, ka buga sau biyar shida zai share.

Akwai lokacin da nake yarda cok ya zama matsala. Sifirin ɗinsa ya mutu yana rufe kansa a kan gargada, ko wayar mai hannu a sitiyari ta ci tsatsa ba ta komawa duka, ko robar bakin fulanja ta cinye mai na zurara ko an kashe. Haka ma sikuta masu cok na lantarki, in ya lalace yakan tsaya a kunne ne, mai shi ya yi ta kukan shan mai. Duk waɗannan gyara suke so ko canji, kuma kayan na nan a tsofaffin kafireto a kowane gareji. Masu cewa faifan na tare iska yana rage gudu, a mashin 100 ko 125 da ke ɗaukar mutum biyu da buhun shinkafa wallahi ba za ka ji bambanci ba. In kuma ka sayi mashin ka tarar an riga an cire, abu na farko toshe hujin da sandar ta bari ta kowane gefe, da gam mai ƙarfi ko ɗan noti da roba, don hujin nan bayan iya kilina yake, duk ƙurar hunturu da ta bi ta nan kai tsaye cikin silinda za ta, ta ci ringi kamar sanfefa.

Shi mutumin Badariya na ƙarshe da ya zo, a kwandon tarkace na samo mai wani tsohon PZ26 da kofinsa ya fashe, na ciro faifai da sanda na mayar mai, na ɗiga gam a kan ƙananan sukurun faifan don in sunka kwance cikin inji za su. Da na ƙirga sukurun gaurayarsa zagaye huɗu na tarar an kwance, na dawo da shi biyu saura kwata. Na ce mai iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, saitin da na yi maka yau na hunturu ne, in bazara ta shigo wajen Maris ka ji ya fara nauyi a ƙasa ka biyo in rage kwata, ba sai ka biya ba. Ya ce to Oga, amma wane wajen ne a kunne? Na sake cire robar na ce duƙo ka gani.